Buhu Biyu a Shagon Kafinta

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sanya alheri a wannan shago da ka buɗe a gefen gida. Tun da maigidanka ya yaye ka nake jin labarin aikinka a bakin mutane, kuma abin da nake ji mai daɗi ne. A kan aikin hannu ba ni da abin ƙarawa, wanda ya koya maka bai rage ka da komai ba. Maganata a kan abin da ke zuba ƙasa ne bayan zarto ya wuce, wato garin katako.

Wannan ba a zaunar da yaro a koya masa. Iyakar abin da ɗan koyo ya sani, da yamma a miƙa wa ƙaraminsu tsintsiya ya share ya tara a lungu, gobe ko jibi a nemi tarin a rasa. A babbar kasuwa irin 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano hakan yana yiwuwa, domin masu bukata su ke zuwa da buhunansu, kuma ba mai kwana a wurin sai masu gadi. Kai kuwa a gida kake. Bango ɗaya ya raba ka da madafa, ƙannenka da 'ya'yan maƙwabta a ƙofarka suke wasa, kwatar da ke gaban shagonka ita ce ta bi ta ƙofar gidajen mutane. Nan gaba kaɗan, in ma ba a fara ba, za a riƙa yi maka sallama ana neman garin: mai kaji, mai lambu, mai abincin sayarwa, tsohuwar da kuɗin gawayi ya gagara. Duk cikinsu ba wanda zai leƙa buhu ya gane daga wane katako garin ya fito. Kai kaɗai ka sani, don kai ka yanka. Shi ya sa nake ganin abin amana ne a hannunka.

A zamanin da muka koyi aiki, abin da ke shigowa shago itace ne tsantsa. Maɗaci da kawo da doka da maje daga dazuzzukanmu, loko da afara da obece daga Kudu. Garinsu duk inda aka zuba shi ruɓewa zai yi ya koma ƙasa. Yanzu lamarin ya sauya. Yawancin kabad da gado da kayan kicin da amare ke so da filawud ake yin su, ko da allunan nan masu sheƙi da ake kira MDF da HDF. Waɗannan biyun ba daga gungume aka tsago su ba. Itace ne aka niƙe, aka kwaɓa da gam, aka matse da zafi. Gam ɗin kuwa yawanci da fomaldihaid ake haɗa shi, sinadarin da ke cikin ruwan fomalin da ake adana gawa da shi a asibiti. A fuskar allon akwai abin da aka lulluɓe shi da shi don ya yi sheƙi, a gefensa akwai robar da kake liƙawa. Da ka sa zarto, duk waɗannan sun shiga cikin garin.

Sai kuma katakon da aka sa wa magani. Akwai na rufin ɗaki da aka shafe da maganin gara, ko da baƙin man inji kamar yadda wasu ke yi don neman sauƙi. Akwai tsofaffin turakun wutar lantarki da katakon layin dogo da kan faɗo kasuwa. Wanda ka ga launinsa ya yi kore-kore, galibi an dura masa haɗin magani ne mai ɗauke da arsenik, ita kuwa arsenik guba ce da wuta ba ta kashewa: in an ƙona katakon wani kaso ya bi hayaƙi, saura ya zauna a cikin toka. Amurka ma, inda aka fi yin aiki da irin wannan katako, tun ƙarshen 2003 ta daina sa shi a aikin gidaje da wuraren wasan yara. Katakon da ake ɗora kaya a kai a cikin kwantena, wanda kafintoci ke saye da arha su warware, ka duba hatimin da ke jikinsa. In ka ga HT, da zafi kawai aka gasa shi don kashe ƙwari. In ka ga MB, hayaƙin magani mai guba aka yi masa. Haka tsohuwar ƙofa ko taga da za a kawo maka ka kankare ka sake mata fenti, tsohon fenti da yawa akwai dalma a cikinsa.

Saboda haka buhu biyu za ka ajiye a shago. Ɗaya na garin itace tsantsa, wanda bai ga gam ko fenti ko magani ba. Ɗaya na duk sauran, ka yi masa alama da jan fenti yadda ko yaron da ya zo jiya zai gane. Rabuwar nan a bakin zarto ake yin ta, domin in suka haɗu a ƙasa ba rariyar da za ta raba su. Ka tsara aikinka yadda za ka gama yankan itace tsantsa, a share a kwashe, sannan ka ɗauko alluna. Wanda ka yi shakkarsa, sa shi a jan buhu, asarar ba ta kai ta kawo ba. Kafin ka ɗaure buhu mai kyau, ka bi cikinsa da mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne, ka tsince ƙusoshi. Yaro yana taka su ba takalmi, saniya kuma takan haɗiye ƙusa tare da abinci ta huda mata tumbi.

To, buhu mai kyau ba ya rasa mai so, kuma wanda ya fi cancanta da shi a ganina mai kaji ne. Masu kiwon kajin gidan gona suna shimfiɗa shi a ƙasan ɗaki, kaurin santimita 5 zuwa 10, ya shanye kashi da ruwan da ke zuba, ya raba ƙirjin kaza da sanyin siminti. Sai dai ka san abin da kake ba shi. Abin da ke fita a shagonka ba iri ɗaya ba ne. Akwai sassaƙe mai faɗi mai naɗewa da ke fita idan ana share fuskar katako, akwai garin bakin zarto, akwai kuma ƙurar samfefa mai laushi kamar garin tuwo. Sassaƙen shi ne na kaji. Garin zarto manyan kaji za su iya zama a kai, amma 'yan tsaki na kwanakin farko ba su bambance shi da abinci, sai su cika ciki da shi su ƙi girma, wasu su mutu. In shi kaɗai ke akwai, a rufe shi da takarda na 'yan kwanaki har su gane mazubin abincinsu. Ƙurar samfefa kuwa kada ta shiga ɗakin kaji sam.

Babban sharaɗi shi ne bushewa. Garin ɗanyen katako, ko wanda ruwan sama ya daka ya kwana a buhu, yakan yi fumfuna, ita kuwa fumfunar nan ita ke kama huhun 'yan tsaki, ka gan su sun miƙa wuya sun buɗe baki suna haki, kuma in ta kama su magani bai cika yin tasiri ba. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ce kuma gidan cutar kashin jini. Mutumin da ya ci bashi ya zuba 'yan tsaki, buhu ɗaya mai fumfuna ya isa ya karya shi, kuma ba lalle ya taɓa gane daga ina abin ya zo ba. In ka sa hannu cikin buhu ka ji ɗumi ko warin ruɓa, baza shi a rana, ko ka ajiye shi don taki. Masu kiwon ragunan layya ma suna zuba shi a turke ya shanye fitsari, nan ba a cika samun matsala ba.

Maganar taki tana bukatar ka natsu, don nan ne mutane suka fi yin kuskure da kyakkyawar niyya. Mutum zai ga gari mai laushi ya ce ai wannan taki ne, ya kwashe ya kai lambu ya cuɗa da ƙasa, ya shuka alayyafo ko masara. Bayan 'yan makonni ganye ya yi rawaya, shuka ta tsaya cak, sai ya ce garin katako yana ƙona ƙasa. Ba ƙonawa ya yi ba. Ƙananan halittun da ke ruɓar da abu a cikin ƙasa, kafin su ci itace sai sun sami naitirojin, sinadarin nan da ke cikin takin yuriya mai sa ganye ya yi kore shar. Garin katako kusan ba shi da shi. Masana aikin gona suna auna abin da kabon: a garin katako akan sami kabon kashi 300 zuwa 500 a kan naitirojin kashi 1, alhali tarin taki yana ruɓewa da kyau ne idan yana wajen kashi 30 a kan 1. Da ka cuɗa ɗanyen gari da ƙasa, sai halittun nan su kwashe ɗan naitirojin da shuka za ta ci su yi aikinsu da shi. Za su mayar daga baya, amma kafin nan damina ta wuce.

Kashin kaji shi kuma akasin haka ne, wajen kashi 10 a kan 1 yake, ƙarfinsa ya yi yawa har yakan ƙona shuka in an zuba shi ɗanye. Ka ga ke nan kowanne yana da abin da ɗayan ya rasa. Shi ya sa hanyar da ta fi kyau ita ce garin ya bi ta ɗakin kaji tukuna, ya fito a cakuɗe, a tara shi ya ruɓe, sannan ya tafi gona. Manoman rani sun san darajar takin kaji, da kuɗi suke saye. In kai da kanka kake so ka haɗa a bayan gida, haƙa rami ko ka keɓe lungu, ka riƙa zuba gari kana bin sa da kashin kaji ko na awaki ko na shanu, da ɗanyen ganye da ɓawon kayan miya. Ka jiƙa shi yadda in ka dunƙula a hannu zai haɗe amma ruwa ba zai ɗiga ba, ka riƙa juya shi lokaci-lokaci don iska ta shiga. Zai yi zafi a ciki, alamar aiki na tafiya ke nan. Kada ka yi gaggawa, itace ba ya saurin ruɓewa, wata shida zuwa shekara ba abin mamaki ba ne. Idan ya yi baƙi, ya daina zafi, ƙwayar garin ta ɓace, ya nuna.

A saman ƙasa kuwa ɗanyensa ma yana da amfani. Ka baza shi a gindin mangwaro ko gwaiba ko lemo, ya riƙe laima lokacin bazara, ya hana ciyawa. Ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin bishiyar, kuma ka haɗa da sassaƙe, don gari zalla in ya bushe yakan yi ɓawo ruwa ya riƙa zamewa a kansa. Inda gara ta yi yawa, kada ka sa wa ƙaramin dashe.

Sai murhu. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 suna tuna wahalar kalanzir ta lokacin mulkin Janar Sani Abacha, lokacin da murhun garin katako da na gawayi suka cika gidaje har aka laƙaba musu sunansa. Yanzu da gas da kalanzir suka yi tashin gwauron zabo, ga shi mata sun fara komawa. Haɗa shi ba wuya. Gwangwanin ƙarfe babba ko guntun duro, a huda shi a gefe daga ƙasa. A tsayar da kwalba ko bututu a tsakiya, a zuro sanda mai kauri ta hujin gefe har ta taɓa shi. A riƙa zuba busasshen gari ana kirɓawa har ya cika ya yi tauri, sannan a murɗa kwalbar da sandar a zare su a hankali. Ramin da suka bari shi ne hanyar iska. A yayyafa toka ko yashi a saman garin don kada wuta ta bi ta fuska, a sa 'yan ƙirare ta hujin ƙasa a kunna. Wuta za ta riƙa cin garin daga tsakiya tana faɗaɗa zuwa gefe, kuma in an kirɓa da kyau sai ya yi sa'o'i yana ci ba a ƙara masa komai ba. Aibinsa ɗaya, ba a rage shi ba a kashe shi cikin sauƙi, don haka ya fi dacewa da girki mai daɗewa, irin dahuwar wake ko ganda ko ruwan zafi na gida mai yawa.

Abu biyu za ka gaya wa duk matar da ta zo karɓa. Na farko, a tsakar gida ake kunna shi, ba a cikin ɗaki ba, balle a shiga da shi ɗakin kwana don jin ɗumi da hunturu. Wutar da ke ci a hankali tana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci za ta ɗauke shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje yana kashe mutane kimanin miliyan 3 a shekara, akasarinsu a ƙasashe irin namu. Na biyu, kada a ɗebi gari da hannu a watsa cikin wutar da ke ci, yakan tashi bal ya lashi fuska. Kai kuma naka shi ne kada garin jan buhu ya taɓa zuwa ƙarƙashin tukunya. Mai bandar kifi ko nama ya fi kowa shiga haɗari a nan, domin shi hayaƙin yake so, kuma hayaƙin a jikin abincin yake zama. Tokar itace tsantsa za a iya barbaɗa ta a gona kaɗan-kaɗan, tokar katako mai magani kuwa ko akuya kada ta lasa.

Sauran amfanin ƙanana ne amma suna da yawa. Bakanike yana shanye man da ya zube da shi. Ana zuba shi a masai ya rage wari da ƙudaje. Maginan tukwane na zamani suna kwaɓa shi da yumɓu, in an gasa ya ƙone ya bar ƙananan ƙofofi, da haka ake yin cikin murhu mai riƙe zafi da tukunyar tace ruwa. Masu binciken doya a Ibadan da Umudike sun koya wa manoma yanka doya ƙanana-ƙanana a binne cikin jiƙaƙƙen gari har ta tsiro kafin a kai gona. Wasu matasa suna mayar da shi baƙi da wuta, su kwaɓa da kokon rogo, su dunƙule su shanya ya zama gawayi. Masu ƙanƙara suna rufe ta da shi don kada ta narke, kuma wannan dabara ba ta yau ba ce. A 1833 wani ɗan kasuwa Ba'amurke, Firedirik Tudo, ya loda ƙanƙara tan 180 a jirgin ruwa daga Boston, aka lulluɓe ta da garin katako da makamantansa, ta yi wata huɗu a teku, aka sauke wajen tan 100 a Kalkata ta Indiya. Kai ma ka ajiye ɗan gari mai laushi na kowane irin katako a gwangwani daban, ka kwaɓa da farin gam ka cike ramin ƙusa, launin zai fi dacewa da na kanti.

Ko ka sayar ko ka bayar, wannan ya rage naka. Ni dai shawarata, mai kaji da mai gidan abinci su saya, sana'a suke yi da shi, tsohuwar unguwa kuwa ka cika mata kyauta ka sa yaro ya kai mata. Amma kowa ya zo ka tambaye shi me zai yi da shi. Tambayar ba ta rage ciniki, tana ƙara yarda.

Jan buhu fa? Shi ba na sayarwa ba ne ba na kyauta ba. Abin da za ka iya yi da shi a shago shi ne ka shanye fenti ko man da ya zube, ka cike ramukan allunan da ya fito daga gare su. Saura ka yayyafa masa ruwa, ka ɗaure bakin buhun, ka biya masu kwasar shara su kai juji na hukuma. Kada ka ajiye shi a ƙofa inda mai wucewa zai ɗauka ya kai murhu. Na san jujin namu ma sau da yawa wuta ake sa masa, shi ya sa rage shi tun farko ya fi. Masu sayar da alluna da yawa a birane yanzu suna da injin yanka, ka je da awonka a yanka maka a can, ka dawo da guntayen da za ka haɗa kawai. Ɗan kuɗin yankan bai kai darajar ƙurar da ka hana shiga gidanku ba.

Kwata ba wurin zuba gari ba ce, mai kyau ko maras kyau. Yana jiƙewa ya kumbura, ya haɗu da leda da yashi ya toshe hanya, ruwan farko na damina ya rasa wurin bi ya faɗa zauren wani, wanda ya kwanta kuma ya zama na sauro. Tara shi a ƙofa a cinna masa wuta da magariba shi ma cutarwa ce. Tarin gari ba ya ci da harshe, turnuƙewa yake yi har asuba, kuma da sanyin hunturu hayaƙin ba ya tashi sama, tagogin mutane yake bi, inda jarirai da masu asma suke kwance. Maƙwabtanka da wuya su yi maka magana, sun san mahaifinka, suna jin nauyinka. Shirun nan kara ce, kada ka ɗauke shi yarda.

Gobara kuwa, ai ba kafintan da bai san labarin wata kasuwar katako da ta ƙone ba, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙura mai laushi in ta cika iska ta haɗu da tartsatsi fashewa take yi. A 2015, a ƙauyen Bosli na Ingila, wata masana'antar niƙa itace ta tashi da irin wannan fashewa, ma'aikata 4 suka mutu. Shagonka bai kai nan ba, amma ƙurar da ta taru a kan soket da cikin injin da bayan janareta ta isa ta kama. Guntun taba ko maganin sauro na kunnawa in ya faɗa tarin gari, sai ya yi sa'o'i yana ci a ɓoye, ya tashi bayan kowa ya kwanta. Tsumman da ka goge banish ko man katako da shi, kada ka dunƙule shi ka jefa cikin gari, wasu mayukan suna ɗaukar zafi da kansu yayin bushewa har su kama ba ashana. Baza shi a waje ya bushe, ko ka tsoma shi a gwangwanin ruwa. Kada ka tara buhuna da yawa, waɗanda ke nan kuma ka ɗora su a kan bulo nesa da bango, don in suka jiƙe a jikin katanga gara suke kira, daga nan ta haura rufi. Bokitin yashi da abin kashe gobara su zauna kusa da ƙofa, kuma kada ka rufe shago ba a share ba, kome gajiya.

Na bar maganar jikinka a ƙarshe don ita ce wadda matasa ba ku son ji. Garin da kake gani a ƙasa ba shi ne abin tsoro ba, wanda ke yawo a hasken taga bayan ka kashe inji shi ne ke shiga hanci da huhu. A shekarun 1960 likitoci a yankin Hai Wikam na Ingila, garin da ya yi suna wajen yin kujeru, suka lura wani irin ciwon daji na cikin hanci, wanda da wuya a gan shi a sauran jama'a, ya yi yawa a tsakanin masu aikin katako. A 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, da ke Liyon a Faransa, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi, musamman ta itace mai tauri, irin wanda mu muka fi aiki da shi. Ciwon ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da mutum ya manta da ƙurar ƙuruciya. Kafin shi akwai na kusa: ƙurar loko da ta obece an san su da jawo asma da ƙaiƙayin fata, ta itacen mansoniya kuma tana sa atishawa da haɓo. Wannan fa itace tsantsa ke nan, na buhu mai kyau.

Madarar da ake sha bayan aiki wai ta wanke ƙura, sha abinka in kana so, abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, ƙura kuwa a huhu take. Hankicin da ake ɗaurewa a hanci da takunkumin yadi ba su tare mai laushin. Nemi wanda aka rubuta wa N95 ko FFP2, ya zauna daram a fuska, ka sa shi lokacin yanka da goge samfefa da shara, ka saya wa yaranka na shago su ma. Aikin samfefa ka yi shi inda iska ke wucewa tana fitar da ƙurar daga gida. Kafin shara a yayyafa ruwa, kuma kada ka hure ƙura da injin iska, tayar da ita kawai kake yi. Rigar aiki ta kwana a shago, ka wanke hannu da fuska kafin ka shiga gida ka ɗauki yaro. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar dalma ce daga dutsen zinariya da iyaye ke niƙawa a cikin gida. Taka ƙurar ba ta kai wannan haɗari ba, amma hanyar da take bi ta isa ga yaro ɗaya ce: tufafi, da tsakar gida, da hannu zuwa baki. Don haka tarin gari ba wurin wasan yara ba ne, kuma ranar da kake kankare tsohon fenti kada yaro ko mai ciki su zo kusa.

Idan ka ga tari ya ƙi ƙarewa, ko ƙirjinka yana yin fito da dare, ko hanci ɗaya ya toshe ya daɗe bai buɗe ba, ko haɓo yana yawan zuwa, kada ka tsaya a kantin magani. Je asibiti, kuma tun kafin likita ya tambaya ka gaya masa kai kafinta ne, ka faɗa masa irin katakon da kake yankawa. Ka gaishe mini da mutanen gida.